Tsohuwar da Turanci Ya Ɓace Mata

Ban taɓa shiga aji ba. Jikata ce take rubuta wannan ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Lokacin da nake da sauran ƙarfi na yi aiki a gidan wani likita Bature a arewacin Jidda, kullum da safe in taso daga unguwar Kurayyat. Mahaifiyarsa nake kula da ita, tsohuwa tukuf, wadda ya ɗauko daga wani tsibiri na ƙasarsu Sikotilan saboda babu mai duba ta a can. Ba ta daɗe da zuwa ba rikicin tsufa ya cinye mata Turanci kaf. Abin da ya rage a bakinta shi ne yaren da aka goya ta da shi, wai shi Gelik. Likitan bai iya ba. Ita da kanta ta ƙi koya masa yana yaro, don ya yi boko ya samu aiki a birni.

Matarsa 'yar ƙasar Ayalan ce, ma'aikaciyar jinya. Su ma suna da nasu Gelik ɗin, ta koya a makaranta, rabi ya zube. A kan yaren nan suke gardama duk cin abincin rana, har su juya Larabci don su jawo ni ciki.

"Ya Hajja, raba mu," in ji matar. "Daga wurinmu yaren ya tashi. Kakannina suka shiga kwalekwale suka kai musu. Aro suka yi."

"Aro?" in ji likita. "Daga gaɓarmu ana hango taku. Bakin mutanen ɗaya ne tun can, ba wanda ya kai wa wani."

"To wa ya ba ƙasarku suna? Mutanenmu ake kira haka tun da."

"Halas, shi ke nan," in ji likita, "malama ta hau mumbari."

Na ce musu irin wannan gardama na ƙoshi da ita a unguwar Waziriyya, mu Hausawan Sudan da sababbin zuwa daga Najeriya, kowa na cewa Hausarsa ce ta gidan uba. Su ci abincinsu yana hucewa.

Suna wannan, tsohuwa tana ɗaki fuskarta wajen taga. Duk wanda ya shiga, tambaya ɗaya take yi masa. Matar likitan ce ta gane tambayar: ɗan wane ne kai? A tsibirinsu ba a amsa wannan da sunan fasfo. Sai mutum ya jero ubansa da kakansa da uban kakan, da yarensu, har da laƙabin da aka san kowannensu da shi, sannan a san inda za a ajiye shi. Likita ya shiga ya ce shi ne ɗanta, da Turanci. Sai ta miƙa masa hannu ya auna jininta, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. Baƙo ta ɗauke shi. Na sha ganinsa tsaye a bakin ƙofa bayan ya fito, abin awon yana rataye a hannunsa.

Da jikinta ya yi nauyi, ya buga wa wani dattijon danginsu waya a tsibirin, aka jero masa kakannin. Ya yi ta bita a falo, matarsa tana gyara masa lafazi irin na ƙasarsu, yana cewa ba haka dattijon ya faɗa ba, har suka kusa komawa maganar kwalekwale. Na ce, "Daktur, numfashinta ya sauya. Yalla, maza shiga da abin da ka samu."

Bayan la'asar ne. Tsohuwa ta yi tambayarta, ya durƙusa ya jero. Wallahi na ga fuskar tsohuwar nan ta buɗe. Ta kama kunnensa kamar na yaro, ta shiga zuba magana, tana dariya, tana nuna taga, tana tambaya tana jiran amsa. Shi kuwa abin da ya haddace ya ƙare. Ya waiwayi matarsa, ta girgiza kai, maganar ta yi mata sauri. Tsohuwa ta sake tambaya a hankali. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta saki kunnen, ta miƙa masa hannu ya auna.

Ba ta ƙara yi wa kowa magana ba har ta cika. Ni na tattara kayanta. Har yau idan rana ta karkata nakan ji maganar nan da ta zuba, da tashinta da saukarta, ban san kalma ɗaya a ciki ba. Shi ma ya ce mini yana ji.