Mai Kunne da Muryar Yayata

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗakin ɗaukar waƙa. Ya share, ya goge piyano, ya cika fulas da ruwan ɗumi, sannan ya ja kujerarsa bakin ƙofa. Duk mawaƙin da ya shigo sai sun gaisa sosai, don daga gaisuwar yake gane wanda mura ke shirin kamawa da wanda aka ɓata wa rai a gida. Shi ya sa muke ce masa Mai Kunne. Shekara talatin da ɗaya yana tsara wa mutane waƙa, ba a taɓa rubuta sunansa a jikin faifai ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Yakan ce kowa na iya koyon kari, amma amon murya kowa da nasa, kuma da amon ake fara tsara waƙa.

Bara aka yi wa yayata aiki a maƙogwaro. Siririyar muryar da aka san ta da ita ta tafi, wata mai kauri ta zo, a dushe. Wata huɗu ko a kicin ba ta rera komai ba. Shugaban ƙungiyarsu ta mawaƙa ya fara cigiyar wadda za ta maye gurbinta, mu kuma muna kallo tana ramewa.

Ni na ja ta zuwa wurin Mai Kunne, tana ta cewa in ƙyale ta. Ya sa ta rera baiti ɗaya. Ta yi rabi ta tsaya, ta shiga ba shi haƙuri.

"Haƙurin me, 'yata?" in ji shi. "Sake yi, kada ki ɓoye dushewar nan. Ita nake so."

Kwana tara yana sake tsara waƙar. Ya sauko da ita ƙasa, ya rage kiɗa, ya sa 'yan amshi su sassauta a bayanta. Ranar ɗauka shugaban ya zauna ya harɗe hannu. Da ta kai ƙarshe, sai ya tambaya ko za ta iya ƙara wata waƙar a makon. Yaya ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina hamdala.

Baba Mai Kunne, kai ne ka ji zaƙin murya a inda mu 'yan uwanta ma asara kawai muka ji. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ku masu tsara waƙa da za ku gaji kujerarsa, kafin ku sallami wata murya, ku zauna ku saurare ta sau biyu.