Mutumin da ya hana mu sayar da tumakinmu

Kullum da safe yakan ɗaure jakarsa a bayan tsohon babur, ya bi garke-garke. Ba ya doguwar gaisuwa. Yana shiga sai ya tsaya ya saurari numfashin tumaki. Wadda ya ji tana huci, ta rame alhali tana cin abinci, sai ya kama ƙafafunta na baya ya ɗaga kamar mai tura baro. In ruwa mai kumfa ya zubo ta hanci, magana ta ƙare. Shi ya sa ake masa ba'a da Mai Baro. Malamin dabbobi ne, shekara talatin da ɗaya. Watan jiya ya ajiye aiki, ko taron sallama ba a yi masa ba. To, ni zan yi magana.

Shekara huɗu ke nan da ya ɗaga wata tunkiyar babanmu, ruwan ya kusa cika gwangwani. Ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma tunkiya na shafa wa tunkiya ta numfashi. Ba allura, ba magani. Ya ware takwas cikin arba'in, ya ce a kashe su.

Ƙanen babanmu ya ja shi gefe. "Malam, mura ce kawai. Sa mana hannu a takardar shaidar lafiya mu kai su kasuwa, kowa ya huta."

"Murar da ke zuba kamar famfo?" in ji shi. "Wanda zai saya, shi ba shi da iyali?"

"Kai dai da wuƙa aka haife ka."

"Na ji. Miƙo igiya."

Baba ya yi shekara bai amsa gaisuwarsa ba. Malam bai fasa zuwa ba, duk wata yana nan yana ɗaga ƙafafu. Maƙwabcinmu ya kore shi da sanda, ya riƙe nasa marasa lafiya a cikin masu lafiya. Yau turaku ne kawai a gidan. Namu garken na nan, da shi ake ci a gidanmu.

Malam, kai ne aka zaga a bakin kasuwa, ka goge tabarau ka wuce. Kai ne dutsen da ba a turewa da hayaniya. Mai cewa ba ka da tausayi, ya zo ya faɗa a gabana.

Mun gode, Malam. Baba ma ya gode, bakinsa ne ya yi nauyi. Ku da kuka gaji kujerarsa, ranar da aka nemi ku rufe ido a kan tunkiya mai huci, ku ƙi, ku sha zagin. Zagi bai taɓa ƙarar da garke ba.