Marigayi Mai Rama da Igiyoyi Biyu na Tsakar Gida

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Mai Rama a shekarar 1941, a wani gari na bakin kogi, cikin gidan da wari kan sanar da baƙo ya iso tun kafin ya ga ƙofa. Mahaifinsa tufkar igiya ce sana'arsa, mahaifiyarsa kuwa kaɗin auduga. Tun yana ƙarami ya iya jiƙa rama a kududdufi har ɓawonta ya saki, ya saɓe, ya wanke, ya shanya, ya taje; kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda cewa jiƙaƙƙiyar rama tana wari ba.

Karatu

An sa shi makaranta a shekarar 1949, aka sallame shi a 1951. Musabbabin sallamar shi ne ya lura igiyar ƙararrawa tufkarta sako-sako ce, ya hau ya warware ta da niyyar gyara, ƙararrawar ta faɗo a kan ƙafar shugaban makaranta. Iyakar iliminsa na boko ke nan, kuma bai taɓa cewa ya yi asara ba.

Aiki

A shekarar 1960 ya kama aiki a masaƙar buhuna, sashen taje zare. A nan ya ƙara sanin halin kowane zare: buhun rama hatsi kan sha iska a cikinsa, ba ya gumi, kaba ta tabarma ce, gashin kwakwa ba ya tsoron ruwa, auduga kuwa laushi gare ta, amma raguwa ce wajen ɗaukar nauyi. Da buhun leda ya cika kasuwa, aka rufe masaƙar a 1987, marigayi ya dawo gida ya ci gaba da tufka. Ƙa'idarsa ita ce ba ya miƙa wa mai saye igiya sai ya ɗaura ta a reshen mangwaro ya yi lilo da ita a gabansa, ko da mutumin sauri yake yi.

Aure da Iyali

Ya yi aure a shekarar 1965. An tabbatar cewa ranar da ya fara zuwa gidan surukai ya fi kallon igiyar gugansu fiye da yarinyar, kuma washegari ya dawo da sabuwa. Matar, wadda kowa ke kira Inna, ta zauna da shi shekara hamsin da huɗu, aka ba ta shaidar haƙuri da ƙarancin magana.

Saɓani da Babban Ɗansa

A shekarar 1998 babban ɗansa ya buɗe shagon kayan roba, ya shigo gida da shuɗiyar igiya domin shanya. Marigayi ya juya ta, ya sansana, ya ce, "Wannan ba igiya ba ce, bokiti ne aka miƙe."

"Baba, ita fa ba ta ruɓewa," in ji ɗan.

"Kai ma ba ka ruɓe ba, amma me aka taɓa ɗaurewa da kai?"

Magana ta yi tsawo har dattawan unguwa suka shiga. A gabansu aka ƙulla sharaɗi: za a ɗaura igiyoyi biyu, ta rama da ta roba, daga mangwaro zuwa ginshiƙin ɗakin girki, a riƙa shanya a kansu daidai wa daida, wanda tasa ta riga tsinkewa ya bar sana'arsa har abada. Marigayi ya amince nan take, domin a ganinsa magana ce ta wata uku.

Shekarun Ƙarshe

Damina ta farko ta nuna masa abin da ya sani ya ƙi faɗa: rama in ta sha ruwa ta bushe, ta sake sha, baƙi take yi ta fara ruɓewa. Sai ya jira ranar da gida ya watse zuwa suna, ya kwance tasa, ya ɗaura sabuwa wadda ya shafe da toka da ƙasa don ta yi kama da tsohuwa. Bai ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, gyara yake kiransa a ransa, kuma haka ya riƙa yi ƙarshen kowace damina. Abin da ya hana shi sukuni ita ce shuɗiyar. Ya san rana tana cin roba har ta koma gari, ya gani da idonsa a gidajen mutane, amma wannan ko kodewa ta ƙi yi. Yakan zauna a ƙarƙashinta da hantsi yana hararar ta, wani lokaci ya rataya mata jiƙaƙƙen bargo, wai bisa kuskure. Har ya tsufa maganarsa ɗaya ce: "Bana za ta tsinke."

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 2019, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da takwas. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar bayan gari. A zaman ta'aziyya, ɗaya daga cikin dattawan da suka shaida sharaɗin ya aika a tambayi Inna wa za a ce ya ci. Ta ce a gaya masa, "Babu wanda ya ci. Uban yana sauya tasa bayan damina, ɗan yana sauya tasa bayan bazara, kowa na zaton ba a gani. Tsofaffin ni nake kwashewa. Da me kuke tsammanin nake ɗaure awakina?"

Ya bar matar aure ɗaya, da 'ya'ya biyar, da jikoki goma sha tara. 'Ya'yan su ne: auta, direban tanka; wadda yake bi wa, malamar asibiti; tagwaye mata, dukansu masu ɗinki; sai babban, mai shagon roba. Shi ne da damina ta zagayo ya ga igiyar mahaifinsa ta fara baƙi, ya ce ba za ta tsinke a idon jama'a yana raye ba. Ya zaga kasuwa bai sami mai irin tufkar ba. A halin yanzu yana da shekara hamsin da uku, hannunsa duk kanta, yana jiƙa rama a bayan gidan, kuma ya fara cewa ba ta wari.