Jan Salatif a Kan Na'ura ta Uku

Shekara ashirin da biyu Kawu ya yi a ɗakin na'urori, har sanyin wurin ya zame masa jiki. Kowa a ofis Kawu yake ce masa, amma mutum ɗaya ce ya zama kawunta na jini: Injiniya, 'yar ƙanwarsa, wadda shi da bakinsa ya nema mata aikin.

Na'urori goma sha biyu ke riƙe da rumbun bayanan kamfanin. Ɗaya ce shugaba, ita ke raba wa sauran aiki, kuma tun da daɗewa Kawu ya manna mata jan salatif. Ta uku daga sama. Ko ido a rufe zai nuna ta.

Sai aka sake tsari, aka zuba komai cikin wata sabuwar manhaja da suke kira kwantena. Injiniya ta same shi cikin ladabi, ta ce yanzu shugabancin yawo yake yi, yau yana wannan na'ura, gobe ya koma waccan, kafin a kashe kowace sai an buga umarni a kwamfuta an tambaya wace ce shugaba. Har a takarda ta rubuta masa. Kawu ya ce to, ya ninke takardar ya tokare ƙafar teburinsa da ita. Yarinyar da ya yi wa wasa a cinya ce za ta koya masa ɗakinsa?

Wata Laraba da hantsi fankar na'ura ta bakwai ta kama ƙara. Ba salatif a jikinta, sai ya kashe ta. Ashe shugabancin a kanta yake, ana tsaka da loda bayanan wata guda. Kwana biyu komai ya tsaya cak.

Da manaja ya tara su, ya tambayi Injiniya ko ta sanar da mai kula da ɗakin a rubuce. Ta dubi Kawu. Kawu ya dubi takalminsa.

"Ban sanar ba, ranka ya daɗe," in ji ta.

A makon aka sallame ta. Har yau tana zuwa gaishe shi, ta durƙusa, ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan shirun ne ke cin ransa.

Bara ya yi ritaya. Ranar kwashe kaya aka ɗaga teburin, takardar ta bayyana. Ya warware ta, karon farko. A ƙasan umarnin ta ƙara layi ɗaya: "Kawu, don Allah ka duba kafin ka kashe."