Inna Rajista da Sunayen da Ta Bi Har Gida

Kullum bakwai saura kwata Inna Rajista take buɗe ofishinta, wani ɗan ɗaki a bakin ƙofar makaranta mai tebur ɗaya, benci ɗaya, da kabad ɗin ƙarfe da sai an tokare shi da gwiwa yake rufuwa. Bencin take fara gogewa, don ta ce duk mai zama a kansa ya fi ta gajiya.

'Yar makarantar sakandare ce mai aji huɗu, ta waɗanda karatu ya suɓuce musu: wanda aka kora saboda faɗa, wadda jinya ta cinye mata shekara biyu, wanda ya kama sana'a da mahaifinsa ya rasu. Shekara ashirin da biyu, duk ɗalibin da ya shigo ta gaban teburinta ya bi. A fam ɗin shiga akwai layin dalilin barin makaranta, amma ba ta taɓa tambayar kowa shi a ranar farko ba. Takan ce in mutum ya saki jiki, da bakinsa zai faɗa.

Ta san mutanenta ba tare da ta buɗe littafi ba. A bana ƙaraminsu shekara sha biyar, babban ashirin da bakwai. Mata sun ɗan fi maza, tara suna da 'ya'ya, kusan rabi daga aji wurin aiki suke wucewa.

Shekara shida da suka wuce takarda ta zo daga hukuma: makarantar da ɗalibanta ba su kai sittin ba za a haɗe ta da babbar sakandaren gari. Masu zuwa aji su hamsin da bakwai ne, kuma da yawansu daga can ɗin aka koro su. Hedimasta ya shigo ya turo ƙofa.

"Yaya, akwai mutum uku da suka daina zuwa tun zangon jiya. Ki bar sunayensu mana. Wa zai zo ƙirga kai?"

"Ranka ya daɗe, sunan mutum nake rubutawa, ba na kujera ba. Ba ni kwana goma."

Ta farko mai jego ce, Inna ta same ta a gida tana wanki, ba mai riƙe mata jaririya. Inna ta ce ta taho da ita. Zango guda jaririyar ta yi a kan tabarma gefen teburin rajista, har malamai suna tsokanar cewa a sa ta a lissafi.

Na biyu iyayensa sun tashi daga garin. Ta tabbatar, ta dawo ta soke sunansa da hannunta.

Na uku mai facin taya ne a bakin titi. Da ya hango ta sai ya duƙufa kan wata taya kamar bai gan ta ba. Ta ja tsohuwar taya ta zauna.

"Inna, ki yi haƙuri. Yaran nan Baban Aji suke ce mini. Da gemuna ina zama da ƙannena."

"To ƙarya suka yi maka? Ni Inna suke ce mini, ka ga na gudu? Zango biyu ya rage maka. In ka bari yanzu, gemun zai yi furfura takardar ba ta zo ba."

Ya ci gaba da facinsa. Ta koma ofis tana ganin ko ya dawo saura mutum ɗaya, kuma ba ta da inda za ta samo shi. Ranar Litinin sai ga shi a ƙofar ofis da wankakkiyar riga, wata mata tana laɓe a bayansa.

"Inna, matata ce. A aji huɗu ta tsaya. Ta ce in dai zan iya jure kunya, ita ma za ta iya."

Da jami'in hukuma ya zo, aji-aji ya bi yana kiran suna. Sittin ya kira, sittin suka amsa.

Ƙarshen watan nan Inna Rajista za ta ajiye aiki. Inna, ke ce ba ki taɓa riƙe alli ba, amma ba malamin da ya samu ɗalibi sai ta hannunki. Ke ce kika ƙi ƙarya ranar da ƙarya ta fi sauƙi, kika biya da ƙafarki. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Mu kuma da muke zaune bayan tebura, in wani ya tsaya a gabanmu yana sunkuyar da kai, mu tuna ta yiwu sau uku ya zo ƙofar yana juyawa. Mu ba shi wurin zama tukuna, takarda ta biyo baya.