Goron Tanti da Ƙafata ta Hagu

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na rasu, ina nan da raina.

Kun san ni da karatun littattafan soyayya. A cikinsu matuƙin jirgi mutum ne mai nutsuwa, ga ƙamshin turare. Shi ya sa da Nasiru, ɗan kawun mijina, matuƙin jirgi, wanda duk Zongo ke kira Komandan, ya ce zai kai mu biki garin Bobo a ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, har sabon leshi na ɗinka.

Ashe labari ya zaga dangi. Muna isa filin jirgin muka tarar da Tanti Rabi da huhun goro, wata da atamfofi, wata da jarkar man gyaɗa. Saƙo ne a kai wa uwar amarya. A gidanmu ba a mayar wa babba saƙo.

Mijina ya ce, "Komandan, ba za a auna ba?"

Ya yi dariya. "Kai ɗan kasuwa, bar wa masu sama aikinsu. Tanti, kawo!"

Ya cusa komai a wutsiyar jirgin.

Muna barin ƙasa hancin jirgin ya miƙe sama kamar doki ya tsorata. Wani abu ya dinga ƙara. Fiffiken hagu ya karkata, muka faɗo a gona. Gwanin namu, kururuwarsa ta fi tawa.

Shi goshi ya ƙuje. Mijina ya karye a hannu. Ni cinyata ta hagu ta karye gida biyu.

Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka sa ƙarfe. Daga baya zazzaɓi ya taso, ciwon ya fara wari. Likita ya ce da mijina a gabana, "In ƙwayar ta ci ƙashi, sai dai mu yanke."

Kullum wankin ciwo, ina cizon gefen zane. Kullum sabuwar takardar magani. Sarƙar aurena ta tafi farmasi, moton mijina, wato babur, ta bi ta. Inna tana shafa min kai tana cewa, "Da ƙafarki za ki fita, Hafsatu."

Komandan ya zo dubiya cikin baƙin tabarau. Wai ƙaddara ce, wai iska ce ta juya. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta ƙi ɗora kaya a sikeli ba.

Aka sake tiyata, ƙashi ya kama. Ba a yanke ba, alhamdulillahi. Ina ɗingishi, amma tawa ce.

Na gode wa Allah, da likitoci, da mijina da ya yi jinyata da hannu ɗaya.

Shawarata: ciwo in ya fara wari ko jiki ya yi zafi, ku koma asibiti ranar. In za ku hau ƙaramin jirgi, ku tsaya a auna kaya a gabanku, ko saƙon wa ne.

Jiya Komandan ya zo, ya tsaya daga waje, wai ya samo wani jirgin, zai cire min tsoro. Na tashi ba sanda, na taka har bakin ƙofa, na rufe ta.