Mai Gadin Giyabos Ɗina

Ina cikin hawan nan na shiga unguwarmu a Dutse Alhaji, rana tsaka, mota cike da kankana tun daga but har kujerar baya, sai na ji an ce daga bayana, "Mama, danna botin ɗin nan mana, motan yana wahala!"

Muryar namiji ce, da irin Hausar Abujan nan da ba ruwanta da mace ba ruwanta da namiji. Na dubi Dije mai nono, Bafulatanar da nake rage wa hanya in na taso daga kasuwar Zuba, tana gefena da ƙwarya a cinya, na ce, "Ke kika yi magana?" Ta ce, "Aradu Hajja ba ni ba ce, daga cikin kankana ne." Na leƙa madubi, kankana ce dai tuli, ba mai baki a cikinsu.

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu ni ya faru da ni, shekara shida ke nan, kuma na tsufa da yin ƙarya. Motar ta marigayi maigidana ce, otomatik, da ita nake sarin kayan marmari, ni nake tuƙa abata. To giyabos ɗinta ya ƙone, wato akwatin giya, aka kai wa Oga Bitrus bakanike, mutumin Filato, ya farke shi ya sake haɗa cikinsa. Ɗana Nura kuwa ya rantse in ya sake ƙonewa zai karɓe makulli, in koma gidansa in zauna ina kallon talabijin kamar wata mara lafiya. Ni da zama? Allah ya kiyaye.

Ranar da na karɓo ta Bitrus ya yi mini karatu. Ya nuna mini wani ɗan botin a jikin sandar giya, ya ce sunansa obadirayib, shi ne giyar ƙarshe ta gudu. In ina kan babban titi ba kaya, in bar shi, mai zai yi auki. In kuwa da lodi, ko hawa, ko gosulo, in danna shi a kashe, mota ta tsaya a D ɗinta, in ba haka ba giya za ta yi ta hawa da sauka, man giya ya yi zafi, sabon aiki ya ƙone. Na ce na ji. Amma da na danna sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana, ni kuma a sanina fitila in ta kama a mota, ciwo ne. Na yi ajin yaƙi da jahilci, na haɗa baƙaƙen jikin fitilar tsaf, O da F da F, amma wa ya gaya mini abin da suke nufi? Sai na sake dannawa ta mutu, na ce alhamdulillahi na gyara. Kwana tara ina jan lodi a haka.

To a kan hawan nan motar tana ta fizga, ta yi gaba ta yi kamar ta fasa, sai muryar ta ƙara, har da tsaki, "Danna mana!" Na danna. Fitila ta kama, mota ta daidaita ta haye sumul. Dije kuwa tun kafin in gama tsayawa ta dire, sauran nonon da ya zube ma ba ta waiwaya ba. Na sauke kankana ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga kujera, na duba rediyo, rediyon da ta mutu tun maigida na da rai. Ba kowa.

Washegari na tafi garejin Bitrus na ce, "Kai, wa ka sa mini a mota?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mama, giya na sa." Ya bar injin yana aiki, ya zaro sandar gwajin man giya, ya shafa a farin tsumma, ya shinshina, sai dariyar ta ɗauke. Man da ya zuba ja wur ya fara duhu, yana ƙauri. Ya ce da na ƙara kwana biyu, shi ke nan. Ya juye ya zuba sabo. Na tambaye shi kayan cikin daga ina, ya ce daga wata tsohuwar tasi kore da fari da aka yanka a panteka, bai san mai ita ba, bai kuma son sani. Ya dai ce, "Ko wane ne, ya fi ki jin magana."

Daga nan muka zauna lafiya da bawan Allah. Ba ya gaisuwa, ba ya hira, ba ya cin kankana. In na yi ribas na jefa D mota ba ta gama tsayawa ba, sai in ji "Haba Mama!" In na tayar da safe zan fizga ba ta ɗumama ba, sai gyaran murya. Na yi addu'o'ina na tofa, bai tafi ba, na ce to ba mugu ba ne. Ku masu otomatik, ku bar ganin fitilar nan ciwo ce, ku riƙa duba man giyarku, don ba kowa Allah ke ba mai gadi kyauta ba.

Sai Dije ta baza labari, ya kai kunnen Nura. Ya zo ranar Asabar fuska a murtuke, ya ce, "Hajiya, yanzu kuma muryoyi kike ji? Kawo makullin." Na ce zan bayar, amma ya kai ni Zuba sarin ƙarshe, shi zai tuƙa. Muka yi lodin lemo da abarba har rufi. A hanyar dawowa yana ta yi mini wa'azin hutu, muka bar babban titi, muka shiga gosulon Dutse, na danna botin, ya sa hannu ya sake dannawa fitilar ta mutu, wai mai nake ƙonawa a banza, shi ya yi makaranta. Na naɗe hannu. Muka kama hawa, mota ta fara fizga.

"Oga," in ji abarba, a hankali, dab da ƙeyarsa, "ka bar wa Mama motanta."

Nura ya taka birki, ya sa P, ya ja na hannu, ya fita ya bar ƙofa a buɗe da takalmi ɗaya a ciki. Na zagayo na zauna a kujerata, na leƙa ta taga na ce, "Za ka shiga ko in tafi?" Ya ce zai hau acaɓa.